Ƙunshin Sallah, Kwana Huɗu Kafin Jarrabawa

Ni ne na ce a yi mata ƙunshin. Gara in fara da wannan, domin har yau idan aka tayar da zancen a gidana matata Hajiya ake kallo, alhali ita iyakarta kwaɓa lalle.

Yarinyar jikata ce, 'yar babban ɗana da ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Buji, yana noma yana kiwon 'yan shanun da suka rage mana. Ta zo wurinmu Dutse wata uku kafin jarrabawar shiga jami'a, saboda a kwamfuta ake yin jarrabawar, ƙauyensu kuwa babu inda za ta taɓa kwamfuta. Wannan ne karo na biyu. Bara ta zauna, makinta bai kai abin da ake nema ga mai son karatun harhaɗa magunguna ba, ta shekara a gida tana sauraron labarin makaranta daga bakin ƙawayenta idan sun dawo hutu. Sau ɗaya ake yin jarrabawar a shekara. Wanda ta wuce shi, sai baɗi.

A wannan shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda ya san Dutse ya san yadda duwatsun nan ke shan rana tun hantsi, su yi ta amayar da ita har bayan magariba. Na zauna a Njamena, na yi aiki a yammacin Sudan lokacin da nake malamin dabbobi muna bin garke muna rigakafi, na san zafi iri-iri, amma na Dutse daban yake, ta ƙasa yake zuwa wa mutum. Cikin wannan zafin take tafiya lesin da safe, ta biya shagon kwamfuta ta yi gwaji na awa ɗaya, da azahar kuma ƙawayenta uku su biyo ta gida. Sai su shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, su baje littattafan tambayoyin shekarun baya, waɗanda duk sun sha hannu sun yi laushi kamar tsumma. Ɗaya ta karanta tambaya, sauran su yi rige-rigen amsa. Wadda ta faɗi sau uku a jere, ita za ta tashi ta jiƙa mayafi ta kawo kowa ta ɗora a ka.

Ni ina daga rumfa ina jinsu. Wani lokaci in sa baki, idan an zo kan ƙwayoyin cuta.

Sai jikata ta ce, "Alhaji, wannan amsar ta zamanin Turawa ce. Yanzu an canja."

In ce, "Ita cutar ma an canja ta ne, 'yar ƙauye?"

"Cutar tana nan, masu ba da maki ne suka canja."

Ƙawayen su tuntsire da dariya, su rufe baki da littafi. Amma dariyar ba ta daɗewa. Da ɗaya ta ce saura kwana kaza, sai wurin ya yi tsit, ka ji ana juya shafi kawai. Na ga 'yan makaranta a Yamai suna haddar darasi suna kai da kawowa a bakin titi, na ga na Omdurman suna karatu a harabar masallaci, fuskar duk iri ɗaya ce: mutum yana kallonka amma ba kai yake gani ba. Jikata ta rame. Ko da an sha ruwa, kunu kawai take kurɓa ta ture kwano.

Ranar jajibirin Sallah, da hantsi, Hajiya ta fito da garin lallen da 'yar'uwarta ta aiko mata daga Ringim, ta tankaɗe, ta kwaɓa. Ta yi wa jikokin maƙwabta biyu, sannan ta kira tata.

Yarinyar ta ce, "Hajiya, bana a bar ni. Malamin lesin ya ce kada mu yi ƙunshi, wai na'urar da ke duba yatsa a ƙofar jarrabawa ba ta son lalle."

Hajiya ta ajiye kwano. "Sallah guda, budurwa da farin hannu kamar mai takaba? Gobe 'yan'uwa su cika gidan nan, su koma su ce na riƙe 'yar mutane ina bautar da ita?"

"To a yi mini a ƙafa kawai."

"Wa zai ga ƙafa? Alhaji, ka ji fa."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma abin ya taɓo inda nake ganin na sani. Na ce musu ni na tsaya layi a filin jirgin Jidda bayan matan Sudan, waɗanda ke tsoma kan yatsunsu cikin baƙin lalle har gaɓa ta farko, kowacce ta ɗora yatsa a na'ura ta wuce, ban ga an mayar da ko ɗaya ba. Na ce lalle launi ne, na'ura kuwa zanen fata take karantawa. Na ce malaman lesin tsorata yara suke yi don a ce suna aiki. Har na kawo musu sunan lalle da Larabci da Fulatanci, kamar wannan zai ƙara wa maganata nauyi.

Yarinyar ta dube ni. Ta ce, "Ka tabbata, Alhaji?"

Na ce, "Miƙa hannu, a yi miki kwalliya. In an hana ki shiga, ni zan zauna miki jarrabawar."

Ta yi dariya ta miƙa. Hajiya ta yi mata irin na da, na dunƙule, ta cika tafin hannu da kan yatsu goma, ta ɗaure da leda da tsumma. Da aka kwance ta bi shi da gishirin lalle don ya ƙara duhu. Ya kama ƙwarai. Ranar Sallah duk wadda ta shigo sai ta kama hannun ta juya shi ta ce tubarkalla.

Kashegarin Sallah aka ce kowa ya je ya fitar da silif ɗinsa, takardar da ke nuna wa ɗalibi rana da wuri da lokacin jarrabawarsa. Na raka ta shagon kwamfuta don ina da sauran gaisuwar Sallah a wannan unguwa. Shagon ya cika maƙil, yara har waje, janareto yana ta ruri. Da layi ya zo kanta, mai shagon, wani magidanci mai fara'a da ya saba da ita, ya miƙo takardar. Ta sa hannu za ta karɓa, sai ya riƙe bai saki ba.

Ya ce, "Subhanallahi. Ke ma? Ba a gaya muku ba?"

Ta juyo ta kalle ni, shi ma ya bi ta da ido ya gan ni, ya ɗan russuna ya ce, "Barka da Sallah, Baba." Na amsa. Na maimaita masa labarin Jidda, amma a wannan karon na ji muryata ba ta da ƙarfin shekaranjiya.

Ya ce, "Baba, na'urar filin jirgi daban, tamu daban. Tasu ta masu kuɗi ce. Kawo hannun mu gani."

Ya jawo wata 'yar na'ura mai gilashi kamar akwatin ashana, irin wadda ya ɗauki yatsunta da ita lokacin rajista. Ya fara ɗora nasa yatsan don in gani: zane ya fito a fuskar kwamfuta, layi-layi, kamar kunyoyin gona idan ka hango su daga kan dutse. Ya ɗora nata. Zanen ya fito, amma rabi, sauran duk ya dusashe, wani wurin baƙi ƙirin.

Na ce, "To, za ta karɓa ko ba za ta karɓa ba?"

Ya ce, "Tawa hoto kawai take nunawa. Hukunci yana wurin ta can. Wasu suna wucewa, wasu ba sa wucewa. In ta ƙi, ba mai barinta ta shiga, ko ɗiyar waye ce."

Silif ɗin ya nuna jibi, ƙarfe tara na safe.

Muka hau adaidaita. Ta ɗora hannayen a cinya tana kallonsu kamar na wani. Ni kuma ina tunanin yadda duniya ta juya. Lokacin da muka zauna tamu jarrabawar, shugaban makaranta ne ya tsaya a ƙofa yana kiran suna, ya san kowa da fuska, ya san uban kowa. A wancan zamanin dangwala yatsa na wanda bai iya sa hannu ba ne, har kunya ake ji. Yau ga mai ilimi ba zai shiga ɗakin ilimi ba sai yatsa ya yi masa shaida. Makiyayi yana gane saniyarsa cikin ɗari ko ta yi birgima a taɓo. Na'ura ba ta da wannan idon.

Kuskure na biyu ya fi na farko, kuma shi ma ina da hannu a ciki, domin na faɗa wa Hajiya abin da ya faru na fice masallaci ban ce a yi kaza ko a bar kaza ba. Kafin in dawo daga la'asar, labari ya zaga maƙwabta. Na tarar da tsakar gidana kamar gidan suna. Wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce toka da ruwan zafi, wata ta aiko da man goge baki. Hajiya ta zaunar da yarinyar a kan turmi, ta kama babban yatsanta tana dirza da dutsen goge kaushi. A gefe ga roba da ruwan bilic na wanki, wanda yarinyar da kanta ta tsoma hannun dama a ciki tun kafin a fara.

Hajiya tana dirza tana cewa, "Ni na sa shi, ni zan cire shi. Riƙe mini nan, daina janyewa."

"Hajiya, da zafi."

"Zafin shekara guda a gida ya fi."

Lallen ya ɗan koɗe, gaskiya ne. Daga baƙi ya koma ja, daga ja ya koma ruwan goro. Muka ga kamar an ci nasara. Sai da ta ɗauki cokali za ta ci abinci ta sake shi, muka duba, muka ga fatar kan yatsun dama ta yi sumul tana sheƙi, babban yatsan har ya fara saɓulewa.

Da safe muka koma shagon tun kafin ya cika. Mai shagon ya ɗora babban yatsanta na dama. Babu kunya babu layi, sai wani farin tabo kamar an shafa alli. Ya gwada manuniya, haka. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

Ya ce, "Baba, wa ya ce ku goge? Jiya ai da sauran zane. Lalle rufe shi ya yi, ku kuma kun kankare shi."

Na ce, "Yanzu mene ne abin yi?"

"Babu, sai addu'a. Kada ta ƙara taɓa sabulu, kada ta yi wanke-wanke. A shafa man kaɗanya a bar shi. Yatsu goma aka ɗauka, na hagu ba su sha wuya kamar na dama ba. Ta roƙe su su gwada duka."

Wannan yinin shi ne mafi tsawo da na yi a gidan nan. Ƙawayenta sun zo bitar ƙarshe kamar kullum, amma kowacce ta shigo hannun take fara kallo. Ɗaya daga cikinsu, wata mai surutu, ta ce, "Ke dai kin huta, in kin faɗi kina da hujja. Mu fa?" Aka yi 'yar dariya. Jikata ta zauna da hannaye a sama, sun sha mai, wata na buɗe mata shafi. Ana tambaya tana amsawa daidai, ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa jin ta amsa haka ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Karatun yana nan cikin kanta, cif, ƙofa ce kawai.

Hajiya ta shige ɗaki da carbi, ta ƙi cin abinci. Ni kuma na san dole in kira uban yarinyar. Ɗan fari ne, a al'adarmu ba na kiran sunansa, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da labarin damina da shanu. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan komai ba, babu ma yadda za a yi hakan ta taso. Na fita zaure na kira shi. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, na tambayi ko an fara sharar gona. Sannan na gaya masa, ban rage komai ba, na ce ita ta ƙi, ni na sa.

Na duba wayar ko ta katse. Can ya ce, "Ba komai, Baffa. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru." Sannan ya ce, "Tana cin abinci?"

Na ce tana ci. Wannan kam ƙarya na yi.

Ranar jarrabawa muka fita bayan sallar asuba da gari ya waye. Wurin wata makaranta ce a bakin gari, mai katangar waya, ana hango harabarta daga titi. Kafin ƙarfe bakwai yara sun yi layi biyu, maza da mata. Ba a shiga da waya, ba agogo, ba biro, ba 'yan kunne. Ta ciro nata da ƙyar saboda yatsun, ta zuba mini a tafin hannu tare da wayarta.

Na ce, "Ki ce su gwada na hagu."

Ta ce, "Na sani, Alhaji."

"Ki yi bisimilla kafin ki ɗora."

"Alhaji, ka je ka zauna, rana za ta buge ka." Ta ɗan yi murmushi. "Ko ka shirya zauna mini ɗin?"

Iyaye muka taru a gindin wata bishiyar maina a tsallaken titi. Daga nan ina hango teburin da ke bakin ƙofar ɗakin, da mutum biyu a zaune, namiji da mace, da na'urar a tsakaninsu. Kowane yaro ya miƙa silif, ya ɗora yatsa, ya wuce. Abin ba ya ɗaukar lokacin da za ka karanta Fatiha. Na bi farin hijabinta da ido tana matsawa kaɗan-kaɗan. Da ta iso, na ga ta ɗora. Ta ɗaga. Ta sake ɗorawa. Namijin ya goge gilashin da hankici. Ta canja hannu. Layin bayanta ya fara motsi, ana leƙe. Sai na ga ya nuna mata wani benci a gefe, ta je ta zauna.

Wani mutum kusa da ni, mai kayan ma'aikata, ya ce, "Taka ce, Baba?"

Na ce tawa ce.

Ya ce, "Waɗannan sai an gama da kowa a sake gwada su. Allah ya sa a dace."

Kafin layin ya ƙare, bencin ya zama mutum biyar: mata huɗu da wani saurayi dogo. Na ƙirga su ya fi sau goma. Sauran yara duk suka shige. Sai wata motar ruwa ta shigo harabar ta tsaya daidai tsakanina da teburin. Na tashi na koma hagu, wani gini ya tare. Na koma dama, mai gadi ya ce, "Baba, a koma baya, an hana tsayuwa a nan."

Abin da ya rage mini shi ne ƙofar waje. Duk wanda aka hana, ta nan zai fito.

Saurayin ne ya fara fitowa. Wani ya tambaye shi, ya buɗe hannayensa ya nuna, ya ce bulo yake bugawa, siminti ya cinye masa yatsu. An rubuta sunansa, an ce ya jira saƙo. Ya faɗi haka yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tafi a ƙafa. Bayansa wata yarinya ta fito da baƙin lalle har wuyan hannu, zane mai kyau na fulawa. Tana ganin uwarta ta durƙushe a bakin kwalbati ta fasa kuka. Uwar tana cewa, "Tashi mana, mutane na kallo," ita ma hawaye na zuba. Sai ta uku. Sai ta huɗu, can bayan wani lokaci.

Na tsaya ina jiran ta biyar. 'Yan kunnen suna cikin tafina, na damƙe su har sun yi mini shaida. Ƙarfe tara ta yi, ta wuce. Na ce wataƙila tana ciki tana roƙo. Na ce wataƙila kunyar fitowa take ji, ta laɓe a bayan aji. Motar ruwa ta tashi, na hango bencin babu kowa, teburin ma an ɗauke. Mutumin nan mai kayan ma'aikata ya ce, "Baba, in ba ta fito ba ai ta shiga." Na ce haka ne. Amma ban yarda ba. Na riga na faɗi magana da tabbaci sau ɗaya a wannan makon, ban ƙara marmarin tabbaci ba. Hajiya ta kira sau uku, ban ɗauka ba, don ban san abin da zan ce mata ba.

Wajen sha ɗaya da rabi aka buɗe ƙofa, yara suka ɓarko gaba ɗaya, kowa na magana. Na gan ta a tsakiyarsu, tana gardama da wata a kan wata tambaya, tana zana abu a iska da jan yatsanta. Sai da ta tsallako titi ta tuna da ni.

Na ce, "Kin shiga?"

Ta ce, "Na shiga mana. A ina kake zaton nake?"

Ta ce sau biyu ana bin yatsun duka suna ƙi. A zagaye na uku matar ta ce ta goge man da ke hannun a hijabi, ta shafa yatsun a goshinta inda gumi yake, ta ɗora a hankali kada ta danna. Na tsakiya na hagu ne ya karɓa. Ta ce da ta zauna gaban kwamfuta sai da ta yi minti biyar ba ta iya karanta tambayar farko ba. Lissafin sinadarai ya yi wuya. Sauran da sauƙi.

"Ruwa, Alhaji. Tun asuba ban sha ba."

Na saya mata ruwa, na miƙa mata wayar na ce ta kira kakarta da ubanta. Muka nufi inda adaidaita suke tsayawa. Hanyar ta bi ta gaban kwalbatin nan. Yarinyar mai zanen fulawa tana nan zaune ita da uwarta, ba su tafi ba, silif ɗin na hannunta a ninke. Jikata ta rage murya a wayar, ta tura ɗaya hannun cikin hijabi. Uwar ta ɗago ta ce mini, "Sannu, Baba. Taku ta samu shiga?"

Na ce, "Ta samu."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ba da sa'a."

Na ce amin, Allah ya duba taku. Na so in ƙara wani abu, na nema a duk harsunan da na iya ban samu ba. Mai adaidaita ya yi mana hon, muka shiga.